Da Wa Take Kwana? Yadda Muka Gano Tarin Fuka a Jikin 'Yata a Zariya

Tarin Ummi ya fara ne a hunturun ƙarshen 2022, tana da shekara uku da 'yan watanni. Ban ɗauke shi a bakin komai ba, don a watan Disamba duk gidan da ka leƙa a Zariya tari ake yi. Sai da muka kwashe kusan wata biyar muna safa da marwa tsakanin kemis da asibitoci kafin a ambaci sunan ciwon. Da na san abin da na sani yau, da rabin wahalar nan ba mu sha ta ba. Zan faɗi yadda aka yi daki-daki, har da kuɗin da muka kashe, ko da yake farashin wancan lokacin ya zama labari yanzu.

Gidanmu na gado ne a cikin birni, magidanta huɗu da iyalansu, sai ɗakin Inna, mahaifiyar maigidana, a can ƙurya. Sunanta aka sa wa yarinyar, shi ya sa muke ce mata Ummi. Tun ranar da aka yaye ta Inna ta ɗauke ta, a ɗakinta take kwana, gado ɗaya, bargo ɗaya. Ɗakin na ƙasa ne irin na da, tagarsa ba ta wuce faɗin faifai ba, ita ma da zarar iska ta kaɗo sai a cusa mata tsumma, a saki labule, a shigo da kaskon garwashi. Inna tana suyar ƙosai da safe, kuma ta fi shekara tana wani tari da kowa a gidan ya saba da jinsa kamar carar zakara. Muka ce tarin tsufa ne, ga kuma hayaƙin itace. Maigidan ɗinkin babbar riga yake yi, aikin hannu, ni kuma ina koyarwa a wata makarantar kuɗi da albashinta bai kai dubu 20 ba.

Zangon farko kemis ne, kamar kowa. Aka ba mu sirof na tari da maganin mura, kwana biyar ba sauƙi. Muka koma aka ƙara da antibayotik na ruwa, tarin ya lafa kwana uku ya dawo. Sau uku muna zuwa, kowane zuwa ba ya kasa naira 1,500. A gida kuma ga zuma da lemon tsami, ga habbatus sauda, wata maƙwabciya ma ta ce a kira wanzami ya duba ko beli ne; wannan dai na ƙi. Abin da ya fara tsorata ni shi ne shirun da ta yi. Ummi yarinya ce mai ƙiriniya, ba ta minti biyar wuri ɗaya, sai ga ta tana wuni a kan tabarma tana bin yara da ido. Da yamma jiki ya ɗau zafi, da safe ya sauka. Tuwon da take cinyewa ta nemi ƙari, ta koma yin loma biyu ta ture. Siket ɗin da aka ɗinka mata da Babbar Sallah ya fara zamewa daga ƙugunta, sai na ɗaure da igiya.

A watan Janairu na kai ta ƙaramin asibitin da ke kusa da mu. Kati naira 200, aka huda mata yatsa, aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, aka rubuta magani. Wataƙila ma akwai shi a lokacin, ban musa ba. Amma ba wanda ya ɗora ta a sikeli, ba wanda ya tambayi tun yaushe take tarin, ni ma da aka ce me ke damunta sai na ce zazzaɓi, don shi ne a gabana ranar. Bayan mako biyu muka koma, aka ce taifod. Cikin Fabrairu, ana tsakiyar wahalar canjin kuɗi, ina yi mata wanka na shafo kaluluwa a gefen wuyanta, mai tauri, kuma ko an danna ba ta kuka. Maigidan ya ce a gwada asibitin kuɗi. Can aka rubuta allurai na kwana biyar, dubu 14, suka ce tsaba suke so don tiransifa ba ta shiga. Mai POS ya ɗauki dubu ɗaya a kan kowace dubu biyar. Na je na roƙi uwar adashenmu ta ba ni ɗauka kafin lokacina ya zo. Aka gama allurai, cinyar yarinya ta yi tsami, kaluluwa tana nan, tari yana nan.

Ranar Juma'a 24 ga Maris, azumi na biyu, ina tankaɗe a tsakar gida rediyo na kunne, sai na ji ana hira da wani likita, wai ranar ce ta yaƙi da tarin fuka ta duniya. Ya lissafa alamominsa a jikin yara: tarin da ya wuce mako biyu bai ji magani ba, zazzaɓin da ya ƙi tafiya, rama ko tsayawar girma, rashin kuzarin wasa, kaluluwa a wuya. Na ajiye rariya. Kamar Ummi yake kallo yana magana. Ni a sanina tarin fuka ciwon manya ne, mutum ya bushe yana tofar da jini, ban taɓa jin an ce 'yar shekara uku na yinsa ba. Da dare bayan asham na ce, "Malam, ina ganin mu kai ta a duba ko tarin fuka ne." Duk ɗan Zariya ya san Saye, inda cibiyar ƙasa ta horaswa kan tarin fuka da kuturta take, da asibitinta da babban ɗakin gwajinta, ga ta nan a bayan gari. Amma da sunan ya kai kunnen Inna sai ta ce ba da takwararta ba, ba za a kai mata jika asibitin kutare ba. Don a zauna lafiya muka zaɓi wani babban asibiti mai sashen yara. Yau in wata ta tambaye ni, cewa nake kada suna ya hana ta zuwa wurin da wannan ciwon shi ne aikinsu na kullum.

Ranar Litinin na fita bayan sallar asuba, ƙaninta a baya, ita a kafaɗa. Na tsaya layin ganin likita kusan awa ɗaya kafin wata mata ta ce ai sai na je na biya, na kawo rasit, an buɗe fayil tukuna. Wurin biya dabam, wurin fayil dabam, kowanne da layinsa, kuma da na tambayi mai gadi tun daga ƙofa da ya nuna mini. Fayil naira 1,500. Sai awo: kilo 10 da rabi. Nas ɗin ta tambayi shekarunta, ta sake kallon sikelin, ta ce, "Maman Ummi, ina katin rigakafinta?" Na baro shi a gida cikin akwati, alhali a ciki ne ake ganin awon baya da shaidar an yi mata allurar BCG, ta rigakafin tarin fuka da ake yi wa jarirai. Sai ta ɗaga hannun rigarta ta ga tabon a dantsen hagu. Ba mu shiga wurin likita ba sai bayan azahar. Ya saurari ƙirjinta, ya taɓa wuyan, ya yi tambayoyi da yawa, har da cewa, "Akwai mai tari a gida?" Na ce babu. Har yau ina juya wannan amsar a raina. Tarin Inna ya daɗe har ya daina zama tari a kunnena, wannan gaskiya ne. Amma tsakani da Allah ta faɗo mini a rai, na danne, don wace suruka ce za ta zauna gaban baƙo ta ce uwar mijinta ce mai ciwo?

Ya rubuta hoton ƙirji, gwajin jini, allurar gwaji ta fata, da gwajin bahaya. Hoto dubu 4, jini 3,500, allurar fata dubu 2. Ita wannan allurar a cikin fatar hannu ake yi, a zagaye wurin da biro, ka dawo bayan kwana biyu zuwa uku a auna kumburin. In ka wuce lokacin ta tashi a banza. Bahayar ce ta ba ni mamaki, me ya haɗa kashi da huhu? Sai aka yi mini bayani cewa ƙaramin yaro ba ya iya kakaro kaki ya tofar, haɗiyewa yake yi, don haka ƙwayar cutar kan bi ta ciki ta fito, na'urar GeneXpert kuma tana iya gano ta. Wannan gwajin kyauta ne, ko kwabo ba a karɓa ba. Samun bahayar yarinyar da ba ta cin abinci ma aiki ne, kwana biyu ina gadi da 'yar roba mai murfi a hannu. Zuwa huɗu na yi cikin mako biyu, da azumi a baki, duk ranar da na yi fashi kuma sai an yanke a albashi. Da sakamako ya fito, fatar ba ta kumbura ba, takardar GeneXpert kuma ta ce ba a ga ƙwayar ba. Wanda ya miƙo mini ta taga ya ce, "Ba a ga komai ba." Na yi hamdala, na naɗe ta na sa a jaka tare da hoton, ban koma wurin likita ba. Sallah ta matso, maigidan ko barci ba ya yi saboda ɗinki, kuɗin mota babu, ga shi an ce ba komai.

Kwana huɗu bayan Ƙaramar Sallah numfashinta ya canza, tana ja da ƙyar, haƙarƙari na lotsawa. Muka kwashe ta da dare, aka ba mu gado. Da safe wata likita ta zo zagaye da ɗalibai a bayanta. Ta ɗaga hoton nan da ya fi mako uku a jakata, ta kalle shi a hasken taga, ta daɗe, sannan ta ce me ya sa ba a dawo da shi ba. Na miƙa mata takardar. Na zaci faɗa za ta yi, sai ta jawo kujera ta zauna. Ta ce ƙwayar cutar a jikin yara kaɗan ce, gwaji kan rasa ta ko da tana nan, allurar fata kuma tana iya ƙin tashi a jikin yaron da ya rame. "Ba a gani ba" dabam, "babu" dabam. Sannan ta ce, "Da wa take kwana?" Na ce da kakarta. "Kakar lafiyarta ƙalau? Ba ta tari? Ba ta rame ba? Ba ta gumi da dare?" Sai kawai na ji hawaye. Na tuna yadda Inna ke shanya zanen gadonta kowace safiya ko ana tsananin sanyi, mu kuwa muna ɗora laifin a kan fitsarin Ummi.

Washegari da asuba, kafin ta ci komai, aka zura mata siririyar roba ta hanci har ciki, aka zuƙo abin da ta haɗiye cikin dare. Mutum biyu suka riƙe ta, ni na riƙe kanta. Bai fi minti biyar ba, amma idonta na cikin nawa tana kiran Mama, uwar da ta san zuciyarta ba za ta ɗauka ba gara ta bar wani ya shiga. Shi ma wannan bai nuna ƙwayar ba. Duk da haka likitar ta ce hoton ya nuna kumburarrun kaluluwa a tsakiyar ƙirji da tabo a huhun dama, ga rama, ga tarin wata huɗu da ɗoriya da ya ƙi jin magani, ga babba mai tari a ɗaki ɗaya. Ba za ta jira takarda ba, za a fara magani. Ta ce yawancin yaran da ake yi wa maganin a haka ake gano su. Kwana shida muka yi a gado, su ne kuma suka fi cin kuɗi, kusan dubu 40 tsakanin gado da allurai da iskar oksijin. 'Yan'uwan maigidan ne suka haɗa.

Da takardar likita aka tura mu sashen tarin fuka, wanda ma'aikata ke kira DOTS. Ɗan ofishi ne a bayan asibiti, benci biyu a ƙarƙashin rumfa, iska na shiga ta ko'ina, daga baya na gane da gangan ne. Malamin da ke wurin ya buɗe babbar rajista ya rubuta suna, unguwa, kwatancen gida da lambar waya biyu, ya ba mu ƙaramin kati da za mu riƙa zuwa da shi. Ya ce za a yi mata gwajin ƙanjamau, kada in ji komai, duk mai tarin fuka ana yi masa. Ya fito lafiya. Ya sake auna ta, don nauyi ne ke yanke yawan ƙwayoyin: daga kilo 8 zuwa 11 biyu, 12 zuwa 15 uku, 16 zuwa 24 huɗu. Wata biyun farko magunguna huɗu ne, uku a haɗe cikin ƙwaya ɗaya, na huɗun dabam. Wata huɗun da suka biyo baya kuma biyu ne a haɗe. Na yara narkewa yake a ruwa kaɗan, da ɗan ƙanshin kayan marmari, ba sai an daka ba. A gabansa ya sa na narka na farko na ba ta. Ya ce kullum da safe kafin karin kumallo, in ta sha in sa alama a kati. Fitsarinta zai koma ja-ja kamar an wanke tukunyar manja, kada in tsorata. Amma in idonta ya yi ruwan ɗorawa ko amai ya ƙi tsayawa, in dakata in kawo ta a ranar. Na buɗe jaka na ce nawa ne. Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, kyauta ne har a gama. Duk wanda ya ce ki biya kuɗin maganin nan, ki zo ki gaya mini." Na yi lissafi a raina: kusan dubu 80 muka kashe, ban da kuɗin mota, kafin mu iso inda ba a biya.

Saura babban aiki. Malamin ya ce ƙaramin yaro da wuya ya shafa wa wani, shi ake shafa wa; in ba a nemo babban ba, an yi ba a yi ba, ga kuma sauran yaran gida suna shaƙar iskar. Da na gaya wa maigidan sai ya haɗe rai. "Yanzu ke Inna za ki ce ta sa wa yarinya ciwo?" Kwana biyu daga gaisuwa ba abin da ke haɗa mu. Na koma na faɗa wa malamin gaskiya, cewa bakina ba zai iya ba. Ashe ya saba. Ya ce kada a ware kowa, duk babban da ke gidan za a duba, ni da maigidan a gaba. Wata Asabar ya zo da kansa a babur, da robobin kaki a leda. Ya yi sallama, ya durƙusa ya gaida Inna, ya ce, "Mama, ƙa'idar aikinmu ce, gidan da aka sami yaro sai an duba kowa. Ki taimaka ki fara, don yaran nan su ga ba abin tsoro ba ne." Inna ta ce ita dai tarinta na hayaƙi ne, amma tunda don takwararta ne, a kawo. Ya nuna yadda ake yi: a fita fili nesa da mutane, a kurkure baki, a ja dogon numfashi sau uku, a kakaro daga ƙirji, ban da miyau. Ya yi wa kowa tambayoyi, mutum huɗu masu ɗan tari suka ba da kaki. Bayan kwana uku sakamako ya fito. Na Inna ne kaɗai ya nuna, Allah kuma ya taimaka ba irin mai bijire wa magani ba ne. Ranar ba ta ci tuwo ba. Da dare ta aika a kira ni ɗakinta, abin da ba ta saba ba, ta ce, "Ashe ni na so in kashe miki 'ya." Na ce, "Haba Inna, ciwo na Allah ne, ke ma iska ce ta kawo miki."

Aka fara mata na manya, ita ma wata shida. Ummi ta dawo ɗakinmu. Ƙaninta da wasu yara uku 'yan ƙasa da shekara biyar aka duba su, ba su da wata alama, aka ba su maganin kariya na wata uku. Nan ma sai da aka kai ruwa rana da wata facalata, ta ce ba za a ɗura wa ɗanta lafiyayye magani ba, ai an yi masa BCG. Malamin ya ce BCG tana kare jariri daga munanan nau'o'in ciwon, irin mai hawa ƙwaƙwalwa kamar sanƙarau, amma ba ta hana kamuwa ɗungurungum, ga Ummi nan da tabonta a hannu. Ta dai karɓa. Ko ta ba shi duka, Allah masani.

Ba mu cika wata da farawa ba aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayu, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, kuɗin Keke Napep ya ninka. Karɓar magani duk bayan mako biyu ne a farko, ga mu mutum uku, Inna kuma ba ta hawa acaɓa. Sau ɗaya muka makara da kwana biyu saboda babu na mota, sai ga wayar malamin. Da na faɗi dalili ya ce ai da na yi magana tun farko. Ya cike takardar sauyin wuri, ya mayar da mu wani ƙaramin asibitin gwamnati da ke ba da maganin, wanda muke zuwa da ƙafa. Na sha wucewa ta gabansa ban taɓa lura da allon ba. Sai kuma abinci. Mako uku da fara magani cin Ummi ya buɗe kamar an kwance ta, daidai lokacin da kwanon masara ke tashi kullum, ga Inna ta daina suya. Za a ce maka a ba su ƙwai da nama da madara, ka ce to. Abin da muka iya shi ne kunun gyaɗa, da garin waken suya da gero da gyaɗa da nake soyawa in kai inji, da awara, da zogale a cikin fate, in an sami ƙwai ɗaya a raba musu. Da wannan ta kai kilo 12 a wata na biyu, aka mayar da ƙwayoyin uku. Awon kowane wata ba na ado ba ne, don in nauyi ya ƙaru ba a ƙara magani ba, ya yi wa yaro kaɗan.

A cikin gida an ware wa Ummi da Inna kwano da kofi da cokali, har da buta. Na gaji da cewa ta iska ake ɗauka ba ta kwano ba, kuma wanda ya yi makonni yana shan magani daidai haɗarin shafawarsa ya ragu ƙwarai. Labari ya riga ya zaga unguwa, wata ta hana 'yarta shigowa gidanmu kitso, kuma wannan ya fi kuɗin da muka kashe yi mini ciwo. Wata na uku wata jarrabawar ce. Tari ya tafi, kumatu sun dawo, Ummi na tsere da yara a zaure, sai kowa ya fara cewa ai ta warke, a bar ɗura mata ƙwaya kada ta taɓa mata hanta. An riga an gargaɗe ni cewa yanke magani a tsakiya shi ke dawo da ciwon, wani lokacin ma ya dawo mai bijirewa, wanda maganinsa ya fi tsawo da wahala. Inna kuwa na tarar da ƙwayoyinta na kwana uku a ƙarƙashin filo, wai ƙafafunta na zafi kamar ta taka barkono. Da aka faɗa a asibiti, bitamin B6 suka ƙara mata, zafin ya ragu. Dabarar da ta yi mana aiki ita ce su sha tare. Kowace safiya Ummi ta ɗauki kofinta ta tsaya ƙofar ɗakin ta ce, "Inna, fito mu sha." Ba ta taɓa iya ce mata a'a ba.

An sake gwada kakin Inna a ƙarshen wata na biyu, da na biyar, da na shida, duka lafiya. Ummi kuwa nauyi da alamomi aka bi. Farkon Nuwamba aka rufe katinsu, tana kilo 14, kaluluwar ta baje. Daga baya na ga alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya: yara kimanin miliyan 1.3 ne suka kamu da tarin fuka a duniya a 2023, Najeriya ce kan gaba a Afirka, kuma cikin mutum sama da 361,000 da aka gano a ƙasar nan a shekarar, kashi 9 cikin 100 yara ne. Ummi tana cikin kashi taran nan. Hankalina yana wurin waɗanda suka tsaya a kemis, a gidaje irin namu da mutum biyar ke kwana ɗaki ɗaya.

Don haka uwar da tarin ɗanta ya wuce mako biyu, an sha magani bai ji ba, kada ta koma kemis karo na uku. Ta je asibitin gwamnati ta furta da bakinta cewa tana so a duba tarin fuka, ta kuma nemi a ɗora yaron a sikeli. Ta tafi da katin rigakafi da kwalaben duk abin da ya sha. In an ce me ke damunsa, ta faro tun daga ranar farko, kada ta tsaya kan zazzaɓin jiya kamar yadda na yi. Ta lissafa duk babban da ke tari wanda yaron ke zama da shi, kaka ce, mai raino ce, malamin allo ne, maƙwabcin ɗaki ne, har da wanda ya rasu bara da tari. In kunya ba za ta bari ba, ta ja ma'aikacin gefe ta gaya masa, sun san yadda suke shiga gida ba tare da an tozarta kowa ba. Kowace takardar sakamako ta koma hannun likitan da ya rubuta ta, kada a yanke hukunci a bakin taga. Ranar da za a buɗe kati kuma ta tambayi wurin karɓar magani mafi kusa da gida. Akwai lambar kira kyauta, 3340, ta shirin yaƙi da tarin fuka na ƙasa, ga wanda bai san inda zai dosa ba.

Da damina ta wuce maigidan ya kira magini ya fasa bangon ɗakin Inna ta gabas, aka sa taga mai faɗi da raga, dubu 18 har da kuɗin kafinta. Inna ta yi mako tana mita, wai an mayar mata da ɗaki kasuwa. Bayan an gama magani Ummi ta koma kwana wurinta, don ba wanda ya isa ya raba su. Da hunturu ya shigo na shiga kai mata kunu wata safiya, na tarar ta cusa tsohon zane a sabuwar tagar. Na tsaya da kwano a hannu ina neman ta inda zan fara, sai Ummi ta haye gado ta fizge shi. Inna ta bi ta da harara ta ce, "Ja'ira, ke da uwarki bakinku ɗaya."